Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malamanmu da limaman Juma'a: dan Allah ku nemo mutumin da ba ya roƙo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta malamai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ni ba malami ba ne, ɗalibi ne mai zaman sahun baya, in an ga karambani a yi min uzuri. Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne labaran da muke ta ji a rediyo da Facebook, yau a ce magidanci ya kashe kansa saboda bashi ya masa katutu, gobe a ce matashi ne jarinsa ya karye, jibi yarinya ce da aka matsa mata auren wanda ba ta so ko kuma wani ya watsa bidiyonta. Da can cewa muke ai wannan abin Turawa ne, Bahaushe ba ya haka. Toh ga shi nan a unguwanninmu. Kuma duk sanda aka yi, abin da za ka ji bai wuce "wa'iyazu billahi, ya yi asarar duniya da lahira" ba, a yi kwana biyu ana ka-ce-na-ce a ƙarƙashin hoton gawar bawan Allah, shikenan a wuce wani zancen.

Hukunci dai ba mu da ja a kai. Haramun ne, babban zunubi ne, ku kuka karantar da mu aya ta 29 a Suratun Nisa'i inda Allah ya ce kada ku kashe kanku. Amma Allah gafarta malam ai ayar ba a nan ta tsaya ba, ta ƙarasa da cewa lallai Allah Mai jin ƙai ne gare ku. Mu a mumbari farkon muke yawan ji, ƙarshen sai a bi ta kansa da sauri. Kuma wallahi wanda ya kai wannan gaɓar ya san haramun ne, tun yana ɗan Islamiyya ya sani, wataƙila ma yana cikin sahun da ya bi ku sallar asuba ranar. In tsoratarwa kaɗai ke hanawa da ba mu ji labari ko ɗaya ba a garuruwan da ake tafsiri a kowane lungu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu suke, wato irin namu. Mu kuwa halin da muke ciki kun fi ni sani don ku ake tarewa a ƙofar masallaci. Tun a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban a Najeriya, miliyan 86 daga ciki a Arewa suke, wannan fa kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ke nan, kafin kwanon masara da kuɗin mota da na magani su tashi su bar albashi a ƙasa. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, mai iyali takwas ya zauna ya yi lissafi ya ga kwana nawa za ta kai shi, shi ma fa mai albashin ke nan.

Amma ni a nawa ganin yunwa ita kaɗai ba ta cika kai mutum nan ba. Kakanninmu sun ga fari, sun ci tafasa da rama sun kwana, ba su yi haka ba. Abin da ke karya mutum shi ne ranar da yake ganin asirinsa zai tonu. Ku duba addu'ar da muka fi yi wa juna mana, Allah ya rufa asiri, ita ce a bakin kowa. An raine mu a kan cewa namiji ba ya kuka, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, mai mutunci ba ya kai ƙorafin gidansa waje. Tarbiyya ce mai kyau, ita ta hana mu zama mabarata gaba ɗaya. Sai dai ita ɗin ce kuma take rufe bakin mutum har ya mutu da abinsa a ciki.

Akwai wani bawan Allah da muke zaman majalisa ɗaya da shi, tela ne, shagonsa ya tsaya saboda ba wuta kuma ba kuɗin man janareto, masu kawo ɗinki ma sun ragu. Kullum zai fito da kaya a goge, hula a karye, ka ce ya aiki ya ce alhamdulillahi, ya iyali ya ce lafiya lau. Abin da muka fara lura da shi kawai ya daina bin layin da ya saba, sai ya zagaya ta bayan makarantar firamare ya ɓullo, ashe mai shagon da ke bin sa kuɗin awo yake gudu. In aka kawo shayi ya ce ya ƙoshi don kar zagayen biya ya zo kansa. Daga baya muka ji a gidan har tukunya ake ɗorawa da ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi na tashi. Ran nan bayan isha'i ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana neman yafiya, ya ba wani yaronsa almakashinsa da tef ɗin awo ya ce ya riƙe, muka yi ta masa tsiya wai ko Makka za shi. Wani dattijo ne a cikinmu, tsohon ma'aikacin asibiti, bai yi dariya ba, ya ja hannunsa gefe suka zauna a kan dakali ya tambaye shi kai tsaye, wane kana tunanin kashe kanka ne? Mutumin nan ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Da aka bi diddigi duka bashin, na mai shago da kuɗin haya da na wata manhaja a waya, bai kai kuɗin ragon layya ɗaya mai kyau ba. Mutum biyar suka haɗa aka biya ba wanda ya ji, aka raka shi ya ga likita. Yana nan da ransa yana ɗinkinsa.

Maganar manhajar nan ina so malamai su san ta da kyau don sabon bala'i ne. A da in kana da bashi tsakaninka da mai kuɗi ne, in abu ya yi tsami a je wajen mai unguwa. Yanzu mutum zai sauke manhaja a wayarsa a tura masa dubu goma cikin minti biyar, ba jingina ba shaida, amma ya riga ya danna musu izinin shiga duk lambobin da ke wayar. Ranar da ya makara sai su ɗauki hotonsa su rubuta ɓarawo ne ɗan damfara ana nemansa, su tura wa surukinsa, da ogansa a wajen aiki, da limamin unguwarsu, da tsohuwar budurwarsa, wasu har sanarwar mutuwarsa suke haɗawa alhali yana raye. Ku ƙiyasta Bahaushen da ko sunan surukinsa ba ya iya faɗa, a wayi gari surukin ne ke kiransa yana cewa wane wani saƙo na gani. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, Google ma a 2023 ya hana irin waɗannan manhajojin shiga lambobi da hotunan mutane, amma masu yi ta bayan fage suna nan. Ga kuma cacar ƙwallo a waya, ga 'yan a-zuba-a-ninka irin MMM da ta rufe a 2016 da CBEX da ta tafi da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, mutum ya ɗauki kuɗin adashen matarsa ko jarin ubangidansa ya zuba, ya rasa, kuma ba bakin faɗa don in ya faɗa wawa za a ce masa.

Mata kuwa nasu ya fi ɓoyuwa. Bazawarar da aka dawo da ita gida da 'ya'ya uku kullum ana mata gorin abinci. Uwar da bikin 'yarta ya matso ba gado ba kujeru, dangin ango kuma na jiran su zo ganin ɗaki su tafi da labari. Yarinyar da aka yaudara ta yi ciki, wadda ta san in magana ta fito ita kaɗai za a tsine wa, shi kuwa gogan yana majalisa yana shan shayi. Kayan ɗaki da lefe da gara mu muka ɗora wa kanmu, ba aya ba hadisi, kuma ku ne kaɗai in kuka dage a kai za a rage.

Toh ga inda nake da ƙorafi da yadda muke taimako. Azumi ya zo, an kafa rumfa an ɗaura bana mai hoton mai bayarwa, an tara mata da tsofaffi tun safe a rana, a miƙa wa mutum taliya uku da 'yar leda ta shinkafa a ce ya ɗaga sama ya kalli kyamara, kafin ya isa gida hotonsa ya riga shi zuwa. Wanda ya saba roƙo zai je, ba ruwansa. Amma malamin firamaren da ya yi wata uku yana cin bashi, da ɗan kasuwar da jiya shi ke bayarwa yau ya karye, da telan nan namu, wallahi sun gwammace su kwana da yunwa. Wato mun tsara taimakonmu yadda wanda ya fi kusa da halaka shi ne ba zai taɓa zuwa karɓa ba. Alhali Alƙur'ani ya siffanta mana shi sarai a aya ta 273 cikin Baƙara, wanda bai san halinsu ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kai, da alamarsu ake gane su, ba sa nacin roƙon mutane. Ayar nan ai aiki ta ba mu, mu je mu gano shi. Kuma ku kuke ba mu labarin Zainul Abidina, jikan Sayyidina Ali, da yake saɓa buhu da daddare yana ajiyewa a ƙofar gidajen Madina, ba a san shi ne ba sai da ya rasu abincin ya daina zuwa. Muna jin labarin muna kabbara, mu fita mu kira mai kyamara.

Cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ce a ba zakka akwai waɗanda bashi ya danne. Yaushe rabon da a ji masallaci ya ce ga wani kaso na zakka ko na asusun Juma'a an ware don biyan bashin mutanen unguwa a asirce? Kuɗin tayil da fanka da sabuwar lasifika kam ana tarawa cikin sati biyu. Muna da hukumomin zakka a Kano da Sakkwato da Zamfara da sauransu, amma mai jin kunya ba zai je ofis ya cike fom ya bi layi ba, liman da ladan da mai unguwa su suka san gidan da aka daina jin ƙarar turmi. Abin da nake roƙo kowane masallacin Juma'a ya samu mutum uku masu riƙon amana, har da mace ɗaya daga malaman Islamiyya saboda ɓangaren mata, waɗanda za su je wajen mai shago da kansu su ce buɗe littafin bashi, wane nawa ake bin sa, su biya su ce kar ka faɗa masa wanda ya biya. Ba sanarwa a lasifika, ba hoto. Su kuma masu bin bashi a riƙa tuna musu aya ta 280 a Baƙara, in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. Bashi hanji ne yana cikin kowa, amma sai ka ga an kai mutum kotu an tsare shi kan kuɗin da bai kai na cefanen sati ba a gidan mai ƙarar.

Sai maganar ciwo. Allah gafarta malam akwai cutar damuwa, cuta ce kamar hawan jini, tana hana barci, tana hana cin abinci, tana sa mutum ya ga shi kaya ne a wuyan iyalinsa gara ba shi. Mai sallar dare ma tana kama shi. In ya zo muku ya ce malam duniya ta ishe ni, dan Allah kar a sallame shi da "ƙarancin imani ne, je ka yi ta istigfari", don ya zo da kunya ɗaya ya koma da biyu, ga talauci ga kuma an ce masa imaninsa ne da matsala. A yi masa addu'a, a yi ruƙiyya in za a yi, sannan a ce tashi mu je asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau a Kano, akwai na tarayya a Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, ga sashen da ke Asibitin Malam Aminu Kano. Mutanenmu na gudun wuraren nan don kar a ce mahaukaci ne a hana 'ya'yansa aure, amma ranar da liman ya faɗa a kan mumbari cewa zuwa can ba abin kunya ba ne, ko ya raka wani da ƙafarsa, rabin tsoron ya tafi.

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, wasu ma suna ta ficewa waje, don haka ba za su isa ba ko da kowa ya yarda zai je. A Zimbabuwe wani likita mai suna Dixon Chibanda ya gamu da irin wannan, wata marar lafiyarsa ta kashe kanta a ƙauye, da ya tambayi mahaifiyarta me ya hana su kawo ta sai ta ce ba su da kuɗin mota. Daga nan a 2006 ya fara koya wa tsofaffin mata, kakanni, yadda ake sauraron mai damuwa, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, mutum ya zo ya zauna ya amayar da abin da ke cikinsa su taya shi warware matsalar ɗaya bayan ɗaya, wanda abinsa ya yi tsanani su miƙa shi gaba. Aka gwada aka ga yana aiki har wasu ƙasashe suka ɗauka. Mu da muke da ladanai da malaman zaure da malamai mata a kowace unguwa, me zai hana ku gayyato likitocin nan su ba su horo na 'yan kwanaki? Su san alamomin, mutum ya janye daga jama'a, ya fara rabar da kayansa, yana neman yafiya ba dalili, yana cewa kun kusa hutawa da ni. Su san cewa tambayar mutum kai tsaye ba ta cusa masa tunanin, masana sun bincika sun tabbatar, sau da yawa ma ita ke buɗe bakinsa. Su san ba a barin sa shi kaɗai a wannan daren, kuma a kwashe duk wani abu mai haɗari daga inda hannunsa zai kai.

Wannan na ƙarshen kar a raina shi. Yawanci abin zafi ne na ɗan lokaci, in aka tsallake sa'o'in nan mutum na dawowa hayyacinsa, kuma mafi yawan waɗanda aka ceto ba ta wannan hanyar suke mutuwa daga baya ba. Siri Lanka ta taɓa zama cikin ƙasashen da abin ya fi muni a duniya, manoma ne ke shan maganin ƙwari, gwamnati ta bi magungunan da suka fi dafi ta haramta su, adadin ya faɗo da kusan kashi 70 cikin ɗari, an ƙiyasta rai 93,000 aka tsirar tsakanin 1995 da 2015, kuma noma bai lalace ba. Mu nan NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin waɗannan magunguna a kasuwanni da kantuna tun 2019, amma ku leƙa teburin mai kayan koli ku gani, ɗan shekara goma ma in ya miƙa kuɗi za a ba shi. Ku yi wa 'yan kasuwa magana, ku yi wa iyaye mata magana su daina ajiye su a bayan ƙofa da ƙarƙashin gado.

Akwai kuma dokar da nake so ku sa baki a kanta don 'yan majalisa na jin maganarku, musamman in zaɓe ya matso. Sashe na 231 na kundin dokokin laifuka na Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya ce wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba za a iya ɗaure shi har shekara ɗaya ko tara ko duka biyun, a Kudu ma sashe na 327 na nasu kundin ɗaurin shekara ɗaya ne. Wato mutumin da kunyar bashi ta kai shi bakin kabari, in Allah ya tsirar da shi sai a kai shi caji ofis, a gurfanar da shi, 'yan jarida su ɗauka, a ci shi tarar da ba shi da ita. Shi ya sa iyalai ke ɓoyewa su ƙi kai shi asibiti da wuri, su ce tsautsayi ne. Ingila ta soke irin wannan dokar tun 1961, majalisar Ghana ta soke tata a watan Maris na 2023. Mu an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma ba ta taɓa waɗancan sassan ba. Cire ɗauri ba halatta abin ba ne, haramcinsa na nan a wajen Allah, kawai dai a kai mutum gadon asibiti maimakon bayan kanta.

In kuma mai aukuwa ta auku, dan Allah a ji tausayin waɗanda aka bari. Na ga gidan da mutane suka ƙi zuwa gaisuwa, yara suka daina zuwa makaranta saboda gori, matar ta tashi daga unguwar. Ku kuka san hadisin Ɗufailu ɗan Amru Addausi a Sahihu Muslim, mutumin da suka yi hijira tare ya yi ciwo a Madina ya kasa jurewa ya ji wa hannunsa rauni har ya rasu, aka gan shi a mafarki an gafarta masa saboda hijirarsa amma hannayen a naɗe, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ya Allah har hannayen nasa ka gafarta musu. Malamai sun kafa hujja da shi cewa wanda ya yi haka bai fita daga Musulunci ba, jumhur, wato mafi yawan malamai, kuma sun ce a yi masa wanka a sallace shi. Mu almajirai ba mu cika jin wannan a wa'azi ba, shi ya sa kowane mai waya ya zama alƙalin lahira. Ku ja kunnen masu yaɗa hoton gawa da takardar da mamaci ya bari da bayanin yadda ya yi, domin akwai wani can da yake kan gaɓa yana karantawa.

Ranar 10 ga Satumba ce ranar da duniya ta ware don hana kisan kai na wannan nau'in. Ina roƙon majalisun limamai na jihohinmu, na Izala da na ɗariƙu da kowa, su haɗu a kan Juma'ar da ta fi kusa da ranar a yi huɗuba guda a kan wannan, a gayyato likita ya yi bayani na minti goma bayan sallama, a faɗa wa jama'a sunayen mutum ukun da za a iya samu a asirce a wannan masallacin da lokacin da ake samun su, a kuma tuna musu lambar gaggawa ta 112. Waɗanda ke Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi su ma su duba abin da ya dace da wajensu.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya. Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku, daga Kano.